An Yanka Ragon da Sunan Aila

ABDOULAYE: Alo? Salamu alaikum. Yaya Hadjara, kina ji na?

HADJARA: Wa alaikumus salam. Ina jin ka.

ABDOULAYE: Ina wuni, Yaya.

HADJARA: Lafiya lau.

ABDOULAYE: Ya gajiyar suna? Ya hidima da jama'a?

HADJARA: Da godiya.

ABDOULAYE: Ya maigidan naki? Ya yara?

HADJARA: Duk lafiya. Ya aiki?

ABDOULAYE: Aiki alhamdulillahi. Yanzun nan na fito daga ɗakin sanyi, yatsuna ko lanƙwasuwa ba sa yi. Jirgin ruwan naman nan da ya hana ni zuwa sunan ɗiyata, har yanzu ba mu gama sauke shi ba. Ya Inna? Ya ƙafar tata?

HADJARA: Ƙafa da sauƙi.

ABDOULAYE: Mastura fa, ita da jaririya?

HADJARA: Matarka tana ɗaki.

ABDOULAYE: Madalla. Na ɗauko waya daga wurin ajiya na ga kin yi ta kira, na ce Yaya ta matsu ta ba ni labari. Ragon ya yi kitse kuwa? Mai shi sai da ya rantse mini.

HADJARA: Rago ya yi kitse. Shinkafa ta ishi kowa. Mutanenmu na nan Jidda, na unguwar Ammariyya sun ci, na Mahjar sun ci, har da masu ƙullawa a leda.

ABDOULAYE: Alhamdulillahi. To ba ni labarin Inna. Me ta yi da aka faɗi sunan? Kuka, ko? Na san ta.

HADJARA: Ba ta yi kuka ba.

ABDOULAYE: Haba dai. To wa ya yi guɗa?

HADJARA: Abdoulaye, wane suna ka sa wa ɗiyarka?

ABDOULAYE: Wace irin tambaya ce wannan? Sunan Inna mana. Ni na yi mata huɗuba a kunne tun a asibiti.

HADJARA: To ba shi aka raɗa ba.

ABDOULAYE: Alo? Rezon waya ya tafi. Me kika ce?

HADJARA: Rezo na nan, kunnenka ne bai so ya ji. Na ce ba shi aka raɗa ba. Malam ya kwantar da rago, ya yi bisimilla, ya yanka da sunan Aila.

ABDOULAYE: Aila? A'a, Yaya, ba ki ji daidai ba. Wannan ai na alkunya ne. Wanda Mastura za ta riƙa kiran yarinyar da shi ne, tunda ba za ta kama sunan surukarta ba. Ba na yanka ba ne.

HADJARA: To yau ya zama na yanka. A kansa aka shafa fatiha, a kansa aka raba dabino, a kansa aka ci nama.

ABDOULAYE: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya aka yi haka? Ina Sa'ud, yayan Mastura, yake? Shi na bari a madadina, na yi masa bayani jiya.

HADJARA: Me ka ce masa?

ABDOULAYE: Na ce masa sunan Hajiya za a sa.

HADJARA: Ka faɗa masa sunan?

ABDOULAYE: Na ce sunan Hajiya.

HADJARA: Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Sunan kansa, ka faɗa masa da bakinka?

ABDOULAYE: Yaya, ta yaya zan tsaya gaban yayan matata in kama sunan uwata gatsau?

HADJARA: To shi ke nan. Yayan matarka haifaffen Jidda ne, Hausar ma tsinta yake yi. Tun da Inna ta sauka daga jirgi bai ji an kira ta da komai ba, sai Inna, sai Hajiya. Malam ya riƙe wuƙa ya ce mene ne sunan, Sa'ud ya tsaya yana sosa ƙeya. Sai ya hau bene a guje, ya tsaya bakin ɗakin mata, ya ce wa ƙanwarsa malam na jira, a ba shi suna.

ABDOULAYE: To?

HADJARA: To matarka na zaune, Inna na gefenta, gwiwa na taɓa gwiwa, ɗaki maƙil da mata. Ta sunkuyar da kai kamar mutuniyar kirki ta ce Aila. Shi kuma ya sauka ya kai wa malam yadda aka ba shi.

ABDOULAYE: Malam bai tambaya ba? Bai ji sunan baƙo ba?

HADJARA: Wane baƙo? Limamin layinmu ne, ɗan nan ne. Ya ce sunan ya fara shigowa gari, ya sha jin sa a bakin 'yan zamani. Ya ce tayyib, ya yanka abinsa.

ABDOULAYE: Ke kina ina duk ana wannan?

HADJARA: Ina kan rufi da tukwane, ina juya shinkafar da uban yarinya ya kamata ya tsaya ya ga an raba. Kar ka fara tambayata ina nake. Kai kana ina?

ABDOULAYE: Kin san inda nake. Na roƙi mudir, shugaban aikinmu, har sai da ya juya mini baya. Iƙamata, takardar izinin zamana, na hannun kafili mai ɗaukar nauyina ana sabuntawa, in na bar jirgin nan na tafi...

HADJARA: Na ji, na ji. Iƙama. Bari in ƙarasa maka, don ba ka ji komai ba tukuna. Na sauko ke nan da tire a hannu, sai ga Sa'ud ya dawo sama, haƙora duk a waje. Ya tsaya gaban Inna, ya ɗora hannu a ƙirji, ya ce, "Mabruk, Hajiya Aila."

ABDOULAYE: Ya ce me?

HADJARA: Ya zaci sunan Inna ke nan. Ai ka ce masa sunan Hajiya za a sa. Tsohuwar da aka haifa a Birnin Damagaram, ta yi furfura a can, wai Hajiya Aila. Mata suka toshe baki da mayafi. Ina kallon kafaɗunsu na rawa, Abdoulaye. Da ƙasa ta tsage da na shige da tiren.

ABDOULAYE: Inna fa?

HADJARA: Ta ce, "Wa?" Sa'ud ya maimaita mata a hankali, yana ganin kamar kunnenta ne. Ta dube shi, ta dubi jaririya, ta ce Allah ya raya. Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki ta cire leshin da ta ɗinka don yau. Lallen dai ba ya ciruwa, shi ne ya rage a hannunta.

ABDOULAYE: Ya Allah.

HADJARA: Kuma Goggo tana kallo daga Damagaram. An jingina waya a kan taga tun da safe, ta tara ƙawayen Inna a tsakar gida suna jira su ji an yi mata takwara a ƙasa mai tsarki. Yanzu haka duk unguwa ta ji.

ABDOULAYE: Tsaya, Yaya, bari in matsa, injin ɗaukar kaya ne ke wucewa. Alo? To ina Mastura? Me ta ce?

HADJARA: Kuka take yi. Tun ɗazu. Wai ita ta zaci ka riga ka ba malam sunan yanka, na alkunya kawai ake tambaya.

ABDOULAYE: To ai gaskiyarta ce.

HADJARA: Gaskiyarta? Ni ban yarda ba. Sunan nan ta daɗe tana so, ta ga ƙofa a buɗe ta shige. In ba haka ba, sunayen alkunya sun ƙare ne? Ummi ta ƙare? Mama ta ƙare? Hajiya Ƙarama fa? Duk wanda aka faɗa a cikinsu, malam zai ce wannan ba na yanka ba ne, a koma a tambayo. Sai da kuka tsallake teku kuka ɗauko mana wanda ba a san kansa ba bare gindinsa. A ina ma kuka same shi?

ABDOULAYE: Na faɗa miki tun tana da ciki, ba ki saurara ba.

HADJARA: To yau ina saurara.

ABDOULAYE: Sunan sistar nan ce ta asibiti. Kin san ɓarin da Mastura ta yi ta yi. Wannan cikin ma da aka kwantar da ita, likita ya ce sai dai addu'a. Matar nan ita ta riƙe ta. Lokacin tashinta zai yi, ta ƙi tafiya, ta zauna bakin gado tana ba ta labarin garinsu don ta daina tunani. Ranar haihuwa da yarinya ta fito ba ta numfashi, ita ta yi ta fama da ita har ta yi kuka. Ni ina bakin ƙofa, na ji kukan nan.

HADJARA: Allah ne ya raya ta.

ABDOULAYE: Ban ce ba Allah ba ne. Amma ta hannun wani ya raya ta.

HADJARA: Sai a kai mata turare da dabino a yi godiya. 'Yar wace ƙasa ce?

ABDOULAYE: Sikotlan. Ekos, in ji masu faransanci. Can saman Ingila.

HADJARA: To me sunan yake nufi?

ABDOULAYE: Sunan tsibiri ne a yammacin ƙasarsu. Daga can kakarta ta fito. Ta ce iska da ruwan sama ba sa ɗaukewa, ko'ina kore, tumaki ta ko'ina. Akwai kuma wani kogi mai wannan suna a ƙasar.

HADJARA: Ban tambaye ka tumaki ba. Ma'anarsa.

ABDOULAYE: Ta ce su ma ba su tabbatar ba. Tsohon suna ne ƙwarai, malamansu sun yi ta gardama a kai.

HADJARA: Ka ji ko. Masu shi ma ba su san abin da yake nufi ba, kai ɗan Damagaram ka ɗauko ka ɗora wa ɗiyarka. Sunan Inna, ka buɗe littafi ka gan shi, cikin sunayen matan Annabi yake. Ka ajiye wannan ka ɗauki tudun ƙasa a tsakiyar ruwa.

ABDOULAYE: Ban ajiye komai ba, Yaya. Kuma sunan wuri ba laifi ba ne. Madina ma sunan gari ne, ana sa wa yara.

HADJARA: Madina? Kana haɗa mini Madina da wannan tsibiri? Bari in gaya maka abin da sistarku ba ta gaya muku ba. Wata baƙuwa a ɗakin nan ta ciro waya ta duba, ta karanta wa mata da ƙarfi. Ka san abin da aka san tsibirin da shi duk duniya? Giya. Giya suke dafawa su cika jiragen ruwa. Shi ne sunan da aka yanka wa rago yau a Jidda, Makka na nan kusa da mu.

ABDOULAYE: Matar nan ba giya take sayarwa ba. Haihuwa take karɓa.

HADJARA: Ka je ka faɗa wa ƙawayen Inna haka.

ABDOULAYE: Kuma ba wani ɓoyayyen suna ba ne da za a ce an tono. Ta ce tana ƙarama ita kaɗai ce mai shi a makarantarsu, har tana jin haushin uwarta. Yanzu kuwa ya sha zama na ɗaya a sunayen 'yan mata a ƙasar. In ka shiga aji ka kira, sai kawuna da yawa su juyo. Har Ingila, har Ostareliya ana sa shi.

HADJARA: To su da suka yi yawa haka, sai da muka ƙara musu ɗaya? Ita Inna guda nawa take da su? Jikoki sun cika gida, ko ɗaya babu mai sunanta. Yayyenka kowa ya sa sunan uwar matarsa, ni kuma Allah ya ba ni maza zalla. Kai ne auta, kai ka yi mata alkawari. Da ciwon ƙafa ta hau jirgi. Kanwa da yajin jego ta ɗauro tun daga gida, ta ce takwararta ba za ta sha nonon da aka yi da shayi da burodi ba. Ita ke tashi ta dafa ruwan wankan matarka. Wannan ne sakayyar?

ABDOULAYE: Kina magana kamar da gangan na yi.

HADJARA: Kai ban ce da gangan ka yi ba. Kai sakarci ne naka. Ita ce nake magana.

ABDOULAYE: To tsaya nan. Ki zage ni yadda kike so, yayata ce ke. Amma ita kar ki ɗora mata. Wa ya koya mata kar ta kama sunan?

HADJARA: Tarbiyya ce ta koya mata.

ABDOULAYE: Ke ce. Yarinyar nan a Jidda ta tashi. A gidansu suna kiran sunan uwarsu cikin hira, ba wanda ya ɗauke shi komai. Tana amarya ta leƙa taga ta kira ɗiyar maƙwabta mai sunan Inna, kika tare ta a matakala gaban mutane, kika ce ba ta da kunya, ba a yi mata tarbiyya ba, kika ce in ta sake sai kin kai ƙararta Damagaram. Ranar ko abinci ba ta ci ba. Daga nan ko a rubuce ta ga sunan sai ta kau da kai. Yau ga Inna a gefenta, ga mata cike da ɗaki, ga ki a saman rufi kina iya saukowa kowane lokaci. Me kike so ta yi?

HADJARA: Ta tashi ta raɗa masa a kunne.

ABDOULAYE: Mai jego ta tsallake surukarta ta fita wurin namiji?

HADJARA: Ta aiko a kira ni.

ABDOULAYE: Da an kira ki, ke za ki faɗa? A gaban Inna?

HADJARA: Ni da na san dabarar da zan yi.

ABDOULAYE: Ba ki amsa ba.

HADJARA: Kar ka juya mini magana, Abdoulaye. Ni na goya ka. Abin da na koya mata daidai ne, gobe ma shi zan koya mata. Kunya ba ta taɓa ɓata suna ba sai a gidanka.

ABDOULAYE: Ga shi kuwa ta ɓata. Gida cike da 'ya'yan mace, an rasa mai faɗin sunanta.

HADJARA: Da uban yarinya na nan ai da ba a rasa ba.

ABDOULAYE: Halas, na ji, laifina ne. Ki ɗora mini duka. Na'am? Ina zuwa, ya mudir, daƙiƙa. Yaya, ana kirana, ki saurare ni da kyau. Abin nan yana gyaruwa. Ba a yi takardar haihuwa ba tukuna. Addini bai hana a canza suna ba, ki tambayi kowane malami. Gobe da asuba zan kawo wani rago, ko za su kore ni daga tashar nan. In tsaya da kaina, a sake tara mutane, a raɗa na gaskiya.

HADJARA: Wa zai dawo? Mutane sun ci sun yi dariya sun tafi.

ABDOULAYE: Ko mutum uku ne. A jingina wa Goggo waya ta gani.

HADJARA: Sai ka zo ka faɗa wa Inna da kanka. Tun da ta shiga ɗaki ba ta fito ba. Na kai mata nama ta ce in ajiye. Ɗazu na leƙa na ga ta jawo jakarta daga ƙarƙashin gado.

ABDOULAYE: Jaka? Ai ba a yi arba'in ba.

HADJARA: Ni dai abin da na gani na faɗa maka.

ABDOULAYE: Kai mata wayar.

HADJARA: Ba za ta karɓa ba.

ABDOULAYE: Don Allah, Yaya. Don darajar goyon da kika ce kin yi mini. Kai mata.

HADJARA: Tsaya. Ga ni a bakin ƙofa. Salamu alaikum, Inna. Abdoulaye ne, wai yana son magana. Kai, jaririyar ma na hannunta, ban san lokacin da aka kawo mata ita ba. Ga ta nan.

INNA: Alo. Auta?

ABDOULAYE: Inna, ina wuni.

INNA: Lafiya lau. Ya aiki? Ka ci abinci?

ABDOULAYE: Inna, ki yafe mini. Wallahi ba haka na shirya ba. Sunanki na yi mata huɗuba da shi, Allah ne shaidata.

INNA: Na sani. Na ce ka ci abinci?

ABDOULAYE: Ban ci ba. Inna, gobe zan kawo wani rago. Za a sake.

INNA: Ba za a sake ba.

ABDOULAYE: Malamai sun ce ya halatta...

INNA: Ban ce bai halatta ba. Na ce ba za a sake ba. An zubar da jini, an shafa fatiha, yarinya ta sami sunanta. Gobe ka tara mutane su zo kallon tsohuwar da ta yi fushi aka sake mata rago? Ban roƙi takwara ba ina da ƙuruciya, ba yanzu zan fara ba.

ABDOULAYE: Ba roƙo ba ne, Inna, haƙƙinki ne. Mastura ma...

INNA: Ku bar yarinyar nan ta huta. Ina jin muryar yayarka tun daga nan, bango ba kauri gare shi ba. Hadjara, da ke nake. Mai jego ce, kuka zai ɗauke mata nono. Abin da kuka koya mata shi ta yi. Da ta buɗe baki ta faɗa a gabana, da yanzu wani faɗan kuke yi.

ABDOULAYE: To jakar fa, Inna?

INNA: Zanen goyo na ciro mata. Ina zan je da ruwan wanka a wuta? Sai na gama abin da ya kawo ni.

ABDOULAYE: To ki bari a takarda a rubuta naki. Ko a makaranta a riƙa...

INNA: Auta, me zan yi da takarda, ni da ban iya karatu ba? Ka zaci ban san ba za ku kira ta da shi ba? Ko an sa, da wannan na Turawan za ku riƙa kiranta, ni ma haka. Ba kiran nake jira ba. Tun da tsoffina suka rasu masu kirana da sunan nan suke ta ƙarewa. Babanku har ya koma ga Allah "ke" yake ce mini. Ku kuka zo kuka ce Inna, na je Makka aka ce Hajiya. Ƙawayen da muka yi wasan dandali da su, masu kirana da shi, duk na raka su. Yau na yi wanka, na sa lalle, na zauna kusa da ƙofa don kar ya wuce ni. Sau ɗaya nake so in ji an faɗe shi da ƙarfi a gaban jama'a, a ce Allah ya raya.

ABDOULAYE: Inna... to bari in faɗa miki yanzu. Ni da bakina. Sunanki...

INNA: Kul. Ban haifi mara kunya ba.

ABDOULAYE: Inna, don Allah.

INNA: Na ce kul. Ga mutum can yana ta yi maka yalla yalla, har nan nake ji. Abu ɗaya zan tambaye ka. Kowa a ɗakin nan da yadda yake faɗinsa, ni kuma ba na so in ɓata wa jikata suna. Yaya masu shi suke faɗi?

ABDOULAYE: Aila.

INNA: Aila. To. Koma bakin aikinka.

ABDOULAYE: Inna, tsaya. Inna? Alo?